Jiya Dabam, Yau Dabam: Shawara Kan Rubutun Turanci

Kowace shekara, in mun zauna duba takardun jarrabawar gwaji ta 'yan aji shida, kuskure guda ne yake cinye mana jan biro. Yaro zai soma labarinsa da kyau: "Last Sunday we went to church." Kafin layi na uku sai ga "the pastor is preaching and we sing." Ya baro makon jiya ya faɗo yau, bai kuwa sani ba.

Waɗansu malamai suna cewa lalaci ne. Mu dai ba mu yarda ba. Yaron da Hausa yake tunani. Mukan ce, "Jiya na same shi yana barci," mu kuma ce, "Ga shi can yana barci." Kalmar "yana" ba ta canja ba, "jiya" ce ta ɗauki nauyin lokacin. A Turanci kuwa aikatau ne da kansa yake nuna lokaci: "was sleeping" a jimlar fari, "is sleeping" a ta biyu. Haka nan "ya ce zai zo," in zancen ya riga ya wuce, "he said he would come" ne.

Saboda haka muna ganin cin yara tara don sun yi Hausa ba zai warkar da wannan ciwo ba. Gara malami ya jera jimlar Hausa da ta Turanci a allo, yara su ga inda hanya ta rabu.

Ku kuma ɗalibai, kafin ku ɗora biro ku tambayi kanku: yaushe abin ya faru? In a baya ne, ku tsaya a baya har ƙarshe, sai fa in lokacin ya canja da gaske, ko kuwa gaskiya ce mai ɗorewa, kamar "She taught us that the earth goes round the sun." In kun gama, ku bi aikatau ɗaya ɗaya ku duba.

Kada ku raina wannan. Wanda bai sami kiredit a Turanci a WAEC ba, shiga jami'a yakan gagare shi. Ban da haka, cikinku ne za a sami tafintoci da sakatarorin ikkilisiya na gobe. Tafintan da ya ce "he is sick" maimakon "he was sick" ya sa jama'a roƙon warkarwa, alhali godiya ce ta kamata.

Ubangiji ya ba mu hikima da naciya. Amin.