Ra'ayi: A kasuwar Gaya, sunan da ke ƙasan kwalba ya fi na sama muhimmanci

Duk wanda ya san Gaya ya san gari ne da kaya ke shigo masa ta kowace kusurwa. Ga Malanbil ta ƙasar Benin a ƙetaren kogin Kwara, ga Kamba ta jihar Kebbi a gabas. Cikin kayan da ke biyo waɗannan hanyoyi akwai maganin ƙwari da na ciyawa, wanda manoman shinkafa, rake, albasa da wake na ƙasar Dandi ba sa rabuwa da shi. Rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 bai tsayar da fatauci ba, sai dai ya mayar da kaya cikin kwalekwale, inda idon jami'an duwan bai cika kaiwa ba.

Matsalar tana farawa ne daga jikin kwalbar. Mai saye yana tambayar magani da sunan kasuwa, ko da launin murfi, ko ya ce a ba shi "mai ƙarfin nan". Alhali sunan kasuwa ba ya gaya wa kowa abin da ke ciki. Kamfani goma na iya zuba sinadari ɗaya su ba shi suna goma. Abin dubawa shi ne ƙaramin rubutun da ke ƙasa, mai nuna ainihin sinadarin da yawansa. Akasarin kwalaben da suka fito daga Najeriya da Ingilishi aka rubuta su, a ƙasar da wanda ya je boko Faransanci ya koya, manomi kuwa Dandanci, Zabarmanci, Hausa ko Fulatanci yake ji.

A ɗauki Sniper, wanda babu gidan da bai san shi ba. Sinadarinsa dichlorvos ne, ana taƙaita shi DDVP, kuma shi ne ake samu a yawancin fiya-fiyar da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe marasa takarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin Ib, wato mai haɗari ƙwarai. Yana saurin zama tururi, shi ya sa fesa shi a ɗakin kwana a rufe ƙofa ganganci ne. Idan ya shiga jiki yana toshe sinadarin da ke daidaita saƙon jijiyoyi, sai yawu ya yi ta dalala, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya gagara. Likita na da allurar atropine da zai yi amfani da ita, amma sai ya gane abin da aka sha ko aka shaƙa. Ɗura wa mutum madara ko manja, kamar yadda aka saba, ɓata lokaci ne kawai, kuma amai na iya tura gubar cikin huhu.

Wannan sinadari ya taɓa jawo wa maƙwabciya asara babba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an riƙa samun ragowar dichlorvos a cikinsa fiye da miligiram 0.01 a kowane kilo, wanda shi ne iyakar da ta amince da ita. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Nijar ƙasar wake ce, kuma buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ya daɗe a kasuwanninta. Duk da haka akwai masu ajiya da har yanzu suka fi yarda da kwalba.

Paraquat, maganin ciyawar da ke ƙone ganye cikin kwana ɗaya ko biyu, darasinsa daban ne. A jerin Hukumar Lafiya ta Duniya yana rukuni na II, ƙasa da dichlorvos. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka ya fi sauƙi. Sai dai an gina rukunin ne galibi a kan gwajin ɓeraye, paraquat kuwa ba shi da makari, kuma ƙurɓa kaɗan na iya lalata huhun mutum a hankali cikin kwanaki. Ƙasashen Sahel na ƙungiyar CILSS sun haramta shi tun 2011, Najeriya ba ta bi sahu ba sai 2024. Shekarun da ke tsakani kuwa iyaka ba ta hana shi tsallakowa ba.

To ina ake samun bayanin da za a dogara da shi? Kwamitin CSP na ƙasashen Sahel, mai mazauni a Bamako, shi ke tantance maganin da aka yarda a sayar, kuma yana fitar da jerinsu. Cibiyar RECA ta majalisun manoman Nijar ta sha wallafa takardu kan magungunan da ake samu a kasuwannin ƙasar, tana nuna masu izini da marasa shi, kuma marasa izinin ba kaɗan ba ne. Ga mai neman halayen sinadarin kansa, rumbun PubChem na gwamnatin Amurka kyauta ne, haka ma katunan ICSC da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ke fitarwa tare da Hukumar Lafiya, waɗanda akwai su da Faransanci. Kowane sinadari yana da lambar CAS tasa shi kaɗai, tamkar lambar katin ɗan ƙasa. Ta dichlorvos ita ce 62-73-7, kuma ba ta canzawa ko da wane suna ɗan kasuwa ya laƙaba masa.

A nan ne aikin ya faɗo kan matasa masu waya a hannu, da 'yan ci-rani da ke aiko kuɗin taki da na feshi daga Kwatano, Legas ko Akara. Neman a turo hoton kwalba kafin a tura kuɗi bai fi minti ɗaya ba. Amma wanda ya duba ya kuma tura bayani a WhatsApp, ya faɗi inda ya samo shi da shekarar da aka wallafa, domin jerin izini na canzawa. "An ce" ba madogara ba ce, hoton allo marar tushe ma haka. 'Yan jarida ma suna da nasu kason: sau nawa rahoto ke cewa "guba ta kashe iyali" ba tare da an tambayi asibiti wace guba ba ce?

Kundin da Nijar ta amince da shi a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan da gaske ake, Hukumar kare tsirrai ta DGPV na iya farawa da abu ƙarami: takarda ɗaya mai ɗauke da sinadaran da suka fi yawa a kasuwar Gaya, alamomin gubar kowanne da abin da za a gaya wa likita, da Hausa da Dandanci, a liƙa a rumfunan masu sayarwa da asibitocin karkara, a kuma karanta a gidajen rediyon yankin kafin damina ta faɗi.