Idan Sakkwato za ta yi gudu domin almajirai, a fara da tukunya

Ƙofar Atiku ɗaya ce daga ƙofofi takwas na tsohuwar ganuwar Sakkwato, tana ɗauke da sunan Abubakar Atiku ɗan Shehu Usmanu, wanda ya yi sarautar Sarkin Musulmi daga 1837 zuwa 1842. Ganuwar ta daɗe da narkewa cikin gidaje da tituna, sunan ya zama na unguwa. A nan, kamar sauran unguwannin cikin gari, da gari ya waye yara kan fito daga zaurukan malamai da robobi a hannu, su bi gida-gida da bakin shaguna neman abin karya kumallo. Mafi yawansu almajirai ne, suna da iyaye a ƙauye da malami a gari. A 'yan shekarun nan wasu sun ƙaru a kansu: 'ya'yan waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Isa da Sabon Birni da Rabah, waɗanda ba su da allo, ba su da malami, makwancinsu kuwa kango ne ko rumfar kasuwa.

A wasu biranen duniya, da ƙafa ake tara wa irin wannan matsala kuɗi. Gudun fanfalaki na Landan, wanda aka fara a 1981, ya tara wa ƙungiyoyin agaji fiye da fam biliyan ɗaya tun daga lokacin, kuma a 2024 kaɗai an samu fam miliyan 73.5. Dabarar ba ta da wuya. Ƙungiyar agaji ta sayi gurbi a gasar, ta ba mai son gudu bisa sharaɗin zai tara wani adadi, shi kuma ya bi dangi da abokan aiki yana cewa zai gudu kilomita 42, su taimaka. Wahalar da zai sha ita ce shaidar cewa da gaske yake. A Najeriya ma an san gudun: na Legas yana gudana tun 2016, Kaduna ta yi nata a 2020. Sai dai waɗannan gasar cin kyauta ne, kuma galibi 'yan Kenya da Habasha ke kwashe manyan kyaututtukan. Abin da ya fi kusa da salon Landan shi ne na Tunde Onakoya, wanda ya koyar da dara ga yaran da ke kwana a ƙarƙashin gadar Oshodi a Legas, sannan a Afrilun 2024 ya zauna awa 60 yana buga dara a dandalin Times Square na New York da burin tara dala miliyan ɗaya domin karatun yara.

Sakkwato za ta iya. A yi shi cikin hunturu, bayan sallar asuba, domin zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ba abokin wasa ba ne. A tashi daga Ƙofar Atiku, a zaga ta ƙofofin gari, a ƙare a filin wasa na Giginya. Mai ƙarfi ya gudu, dattijo da mace mai goyo su taka. Ma'aikatan banki da malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da 'yan kasuwa ba za su rasa masu saka musu kuɗi ba. Shirya gudun abu ne mai sauƙi. Inda ake samun tangarɗa shi ne washegari, lokacin da aka zauna raba kuɗin.

Sakkwato ta riga ta ga yadda hakan ke ƙarewa. Ranar 10 ga Afrilu, 2012, Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar kwana ta almajirai a Gagi, ta farko cikin makarantu 157 da gwamnatinsa ta gina a faɗin ƙasa kan kuɗi kimanin naira biliyan 15. Tarayya ta yi gini ta miƙa wa jihohi, jihohi kuwa da yawansu ba su ware kuɗin ciyarwa da albashi yadda ya kamata ba. Cikin 'yan shekaru, da dama daga cikin makarantun nan sun zama kufai ko an mayar da su wani abu dabam, yaran suka koma bara. Gini ana yin sa sau ɗaya, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Abinci kuwa sau uku ake nemansa kowace rana, kuma babu mai ɗaukar hoton tukunya.

Wanda ya san tsarin tsangaya ba zai yi mamaki ba. Malamin allo ba shi da albashi. Abin da yake samu kuɗin Laraba ne, idan an kawo, da sadaka, da gonar da almajirai ke taya shi nomewa da damina. Kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, zakka da baitulmali da gidajen unguwa ne ke ɗauke da nauyin masu neman ilimi. Da wannan tallafi ya raunana, birni ya cika, rayuwa ta yi tsada, sai nauyin ciyarwar ya sauka a kan yaron kansa. Yana karatu da asuba da yamma da dare, tsakanin waɗannan lokuta kuma yana neman abin da zai ci. Ke nan awannin da ake so ya zauna a aji ya koyi karatun boko da lissafi su ne daidai awannin bararsa. Duk wanda ya kai masa jaka da littafi bai kai masa abinci ba, ya ba shi zaɓi tsakanin aji da yunwa, kuma an san abin da ɗan shekara tara zai zaɓa.

A yi lissafi na misali. A ce mutum 2,000 sun fito, kowanne ya tara naira 50,000. An samu naira miliyan 100. A ce ciyar da yaro guda yana cin naira 1,000 a rana, wato 365,000 a shekara. Kuɗin zai ciyar da yara 274 na shekara ɗaya, ya ƙare. Wannan tun kafin a cire kuɗin riguna da ruwan sha da lasifika, waɗanda a irin waɗannan taruka sukan cinye kaso mai tsoka. Ya kamata kamfanoni masu neman talla su ɗauki wannan, kada ko sisi na masu bayarwa ya tafi can. Lissafin yana nuna iyakar gudu, musamman a ƙasar da UNESCO ta ƙiyasta a 2022 cewa yaranta kusan miliyan 20 ba sa zuwa makaranta.

Shi ya sa abin da ya fi dacewa shi ne waƙafi, kuma Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Waƙafi da doka ta kafa. A raba abin da aka tara: wani kaso ya shiga tukunya nan take, mafi yawa kuma a sayi shaguna ko gonar da amfaninta zai riƙa biyan abinci da alawus na malami. A shekarar farko hayar ba za ta ciyar da yara masu yawa ba, gaskiya ne, amma ba ta ƙarewa, kuma gudun kowace shekara yana ƙara wa dukiyar girma. A zaɓi tsangayu uku ko huɗu a unguwa guda, da yardar malamansu, tunda shirin da aka yi a bayan idon malami ba ya daɗewa. Kafin a sake gudu, a karanta lissafin bara a rediyo, naira-naira.

Akwai masu cewa ciyarwa kyauta za ta sa iyaye su ƙara turo yara birni. Tsoron yana da tushe. Maganinsa rajista: sunan yaro, sunan uba, ƙauyensu, da ƙayyadadden adadi ga kowane malami. Yaran 'yan gudun hijira kuma, da ba su da zauren da za a same su, sai an bi su ta hannun masu unguwanni da limamai, in ba haka ba shirin zai tsallake waɗanda suka fi kowa buƙata.

Wani abin da za a kiyaye shi ne mutuncin yaran. Kada a jera su a bakin titi da sababbin riguna suna tafa wa manya, kada a sa su gudu a gaba domin kyamara. Kilomitocin da suke takawa kullum ba takalmi sun ishe su.

Kada kuma gudun ya zama hanyar sauke wa gwamnati nauyi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro, ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin haka, amma jiha ba ta karɓar rabonta daga UBEC sai ta ajiye kwatankwacinsa, kuma biliyoyin naira kan kwanta a can saboda jihohi ba su ajiye ba. A 2015 an ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Sakkwato, a 2023 tarayya ta kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Idan kwamishina ko ɗan majalisa ya zo ya sa riga ya yi gudu, marhabin da shi. A wurin ƙarasawa, kafin a miƙa masa lambar yabo, a miƙa masa makirfo ya faɗi nawa aka saki daga kasafin ilimi na bana, kuma nawa ne daga ciki ya isa tsangayun Ƙofar Atiku.