Zane Ɗaya, Ƙofa Biyu

Ina so in yi magana a kan ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu, mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari, wanda ake kira QR. Wani injiniya mutumin Japan, Masahiro Hara, shi ya ƙago shi a shekarar 1994 domin tantance sassan motoci. A Nijeriya kuwa, a 2021 aka fito da tsarin biyan kuɗi da shi mai suna NQR.

Yawanci adireshin intanet ne kawai a cikin zanen. Da ka haska shi da waya, sai ta kai ka ga wata kwamfuta, ita kuma ta tura ka gaba. To, akwai dabarar da ake sa kwamfutar ta duba inda kake tukuna, sa'an nan ta zaɓa maka shafin da za ka gani.

Alal misali, a ce mai sayar da littattafai yana da kanti kusa da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, da wani a kasuwar Sabon Gari. Wanda ya haska tallarsa a Samaru sai a nuna masa kantin da ke kusa da shi, ya huta da kuɗin mota zuwa Kwangila da gaba. Wannan kam ba laifi.

Amma ni ban yarda a yi haka a ɓoye ba. Sau da yawa cinta kwamfutar take yi, ta hanyar lambar intanet da kamfanin waya ya ba ka. Lambar nan takan nuna kana Legas ko Abuja, balle ta raba Samaru da Sabon Gari, waɗanda ƙaramar hukumarsu ma ɗaya ce. In ana son daidai, sai ka yarda wayarka ta faɗi inda kake tsaye.

Abin da ya fi damuna shi ne farashi. Mai kanti yana iya cewa ai Samaru garin malaman jami'a ne, masu albashi, ya ɗora musu. Alhali kuwa manomin Bomo da leburan Hayin Dogo su ma a nan za su haska. A kasuwa kana jin yadda aka sallama wa na gabanka, ka ce kai ma haka. A waya fa? Kowa da abin da aka nuna masa.

Roƙona ga 'yan kasuwa, su bar shafin farko ya tambayi mutum kantin da yake so, su kuma rubuta farashi a jikin takardar tallar. Kafin su yi haka, duk uban da zai sayi littattafan zango mai zuwa ta wannan hanya, ya sa wani ɗan'uwa a ɗaya unguwar ya haska zanen, su gwama kuɗin.