Yaro mai laifi: hali ne zanen dutse, ko kuwa ƙuruciya ce?

Duk lokacin da aka fasa shago a kasuwar Dole ta Damagaram, ko aka fizge wa wata baiwar Allah jaka a Maraɗi, aka kuma tarar ɗan shekara 15 ne ya aikata, magana ɗaya ce ke fitowa daga bakin jama'a: hali zanen dutse, a kai shi gidan kaso a huta. Ɗan kasuwar da aka yi wa ɓarna yana da gaskiyar fushinsa, domin shi ya san yadda ya tara jarinsa. Amma gwamnati ba ta gina siyasa bisa fushi, kuma masana halayyar ɗan Adam sun fi shekara ɗari suna bin diddigin wannan karin magana.

A 1876 wani likitan Italiya, Cesare Lombroso, ya yi iƙirarin cewa da laifi ake haihuwar mai laifi, har ana iya gane shi daga muƙamuƙi da kunnuwa. Charles Goring ya auna fursunoni wajen 3,000 a Ingila, ya fito a 1913 ya ce babu wannan siffa. Sai dai ra'ayin bai mutu ba, riga kawai ya sake. A 1964 Hans Eysenck ya ce akwai yaran da aka halitta da son hayaniya da kasada, waɗanda horo ba ya kama su da wuri, shi ya sa tsoron aikata laifi ba ya zama a zuciyarsu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin bincike da yawa ya nuna cewa yaro mai gaggawa, wanda ba ya iya danne zuciyarsa, ya fi saurin faɗawa rigima. Abin da wannan bayani ya kasa faɗa shi ne dalilin da ya sa mai irin wannan hali yake zama gwanin ciniki a wata unguwa, a wata kuma ya zama ɗan daba.

John Bowlby ya juya ga gida. A 1944 ya wallafa nazarinsa kan yara ɓarayi 44 a wani asibitin yara na Landan: 14 daga cikinsu ba su jin tausayi ko shaƙuwa da kowa, kuma 12 daga cikin 14 ɗin an raba su da iyayensu mata na tsawon lokaci tun suna ƙanana. Wanda ya karanta wannan a gurguje zai ce ke nan riƙo, wanda ya cika gidajen Hausawa, masana'antar ɓarayi ne. Michael Rutter ya gyara maganar a 1972: abin da ke lalata yaro shi ne husuma a gida da rashin babba guda wanda ya damu da shi. Yaron da kaka ko goggo ta riƙe da ƙauna bai rasa kome ba. Wanda ya rasa shi ne wanda aka sauke a tasha da ƙoƙon bara, babu mai tambayar inda ya kwana.

Bayanin da ya fi dacewa hukumomin ƙasar nan su tsaya a kansa shi ne na Terrie Moffitt, wadda ta fitar a 1993, tana aiki a kan binciken garin Dunedin na Niyu Zilan, inda aka bi rayuwar yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973. Ta ce masu laifi iri biyu ne, ko da yake a shekara 16 ba a iya bambanta su da ido. Na farko ƙalilan ne, ba su wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na maza ba. Rigimarsu takan fara tun kafin su shiga makaranta, ta haɗu da gida maras kulawa, ta bi su har girma. Na biyu su ne mafi yawa: sukan fara da balaga, su daina da kansu idan sun sami aiki, mata da mutunci. Dalilin da ta bayar shi ne giɓin da ke tsakanin girman jiki da girman matsayi. Saurayi ya kai namiji a jiki, amma ba shi da sana'a, ba shi da ɗaki, ba a saurarensa a taro, sai ya nemi girma wurin waɗanda suka nuna masa cewa ƙarfi da wuƙa na sa a ji tsoron mutum.

Wanda ya kalli fim ɗin Zinder da Aicha Macky ta fitar a 2021 game da ƴan «palais» na unguwar Kara-Kara ya ga wannan giɓi da idonsa: samari majiya ƙarfi suna ɗaga ƙarfe, suna sayar da man fetur na sumoga, suna neman a san da zamansu. A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, wannan giɓi ba ƙaramin rami ba ne.

To, me gidan kaso ke yi wa irin na biyun? Albert Bandura ya nuna tun 1961 cewa yara na kwaikwayon duka daga babban da suka gani yana yi, ba sai an umurce su ba. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne labarin Cambridge da Somerville a Amurka. Daga 1939 aka ba yara maza 253 masu ba da shawara, da darasi, da sansanin hutu, aka bar wasu 253 makamantansu ba a yi musu kome ba. Da Joan McCord ta waiwaye su bayan shekara 30, a 1978, sai ta tarar waɗanda aka taimaka wa sun fi sake aikata laifi da shaye-shaye, kuma daga baya aka gano cewa abin ya fi muni ga waɗanda aka tara a sansani fiye da sau ɗaya. Idan tara yara masu rigima da kyakkyawar niyya ya haifar da haka, ina ga kulle ɓarawon kaza ɗaki ɗaya da ɗan fashi? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Doka ba ta jahilci wannan ba. Tun 1999 Nijar ta kafa kotunan yara, aka sabunta dokar a 2014, kuma yaron da bai kai shekara 13 ba ba a yanke masa hukuncin laifi. Amma alƙalin yara da ba shi da inda zai tura yaro, hannunsa a ɗaure yake. Ma'aikacin da ke tsara kasafin kuɗi ya kamata ya san cewa ƙalilan ɗin nan na farko a ajin farko na makaranta ake gane su, kuma a nan ne malami da ma'aikacin jin daɗin jama'a za su yi tasiri da kuɗi kaɗan. Sauran kuwa, babu wanda ya fi ƴan kasuwa riƙe maganinsu. Tsohuwar al'adar da alhaji ke ɗaukar yaron shago, ya koya masa ciniki, ya ba shi jari, ya yi masa aure, ita ce ke rufe giɓin da Moffitt ta bayyana. Abin da ya rage shi ne ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Maraɗi, Damagaram da Tawa su zauna da alƙalan yara, a rubuta sunayen masu shago, makanikai da teloli da suka yarda su karɓi yaron da ya yi laifin farko, kotu kuma ta riƙa bin sawunsa wata-wata.