Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ma'aikatar Ilimi Ta Jihar Zamfara



A watan Satumban 2021, bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. Yaron ƙauye irin Ruwan Bore ya rasa aji da intanet a lokaci guda.

Katin memorin waya kuwa bai san an katse komai ba. Mai cajin waya a kasuwar Tsafe yakan loda wa'azi da finafinan Kannywood a ɗan katin da bai wuce farce ba, manhajar Xender ta kai su daga waya zuwa waya ba data. Malamin lissafi na iya jingina wayarsa da bulo, ya ɗauki bidiyon allo yana warware tambayoyin WAEC da Hausa, darasin ya bi wannan hanyar har ƙauye.

Wannan ba sabon tunani ba ne: tun 2008 Jim Groom, wanda a lokacin yake Jami'ar Mary Washington a Amurka, ya bijire wa manhajojin kamfanoni irin su Blackboard, yana kiran malamai su haɗa kayan koyarwarsu da kansu.

Kafin a ba ɗan kwangila kuɗin wata manhaja, ma'aikatar ta saya wa malaman Gusau, Tsafe da Bungudu sola da memori. Sufeto ya duba ingancin darasin kawai, ya bar malami da dabararsa.