Kafin a miƙa wa ’yan gwangwan tsohuwar kwamfuta

A makarantun Islamiyya da ɗakunan ƙungiyoyin unguwa na Kotobabi da Nima da Maamobi, ba a rasa tsohuwar kwamfuta jingine a lungu, irin mai allo mai ƙaton ƙeya da aka yi yayi a shekarun 1990. Mai ita ya kunna wata rana bai ga fayilolinsa ba, sai ya yanke mata ƙauna, yana jiran ’yan gwangwan su saye ta a farashin ƙarfe. Wannan gaggawa kuskure ce, kuma ɗalibin Hausa na cikin waɗanda suka fi asara.

Gogewa a kwamfuta ba irin wanke allo ba ce. A tsarin FAT, wanda MS-DOS da Windows 95 da 98 suka yi amfani da shi, idan aka goge fayil, na’urar tana sauya harafin farko na sunansa da wata alama, ta kuma rubuta cewa gurbinsa fili ne. Shi kuwa rubutun yana nan kwance a faifan ajiya har ranar da aka ɗora wani abu a kansa. Saboda haka babban abokin gaban fayil da ya ɓace shi ne mai taimako marar haƙuri, wanda zai ce a sa sabuwar Windows a gani.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a daina kunna na’urar, a cire faifan, a haɗa shi da wata kwamfuta ta mahaɗin da ke kai tsohuwar kafar IDE mai allura 40 zuwa USB, irin kayan da ake nema wurin masu gyara a Kwame Nkrumah Circle. Sai a kwafe faifan ɗungurungum da manhajar ddrescue, a yi bincike a kan kwafin da TestDisk ko PhotoRec, dukansu kyauta ne. Faifan da ke ƙara ƙwas-ƙwas kuwa a bar shi ga gwani. Kowace kunnawa tana ƙara masa rauni, ga kuma laimar Ankara da ba ta raga wa ƙarfe.

Mai musu zai ce: me ke ciki ban da wasiƙun Turanci da jadawalin kuɗin makaranta? Gaskiya ne, su ne mafi yawa. Amma a tsakiyarsu akan tsinci wa’azin da aka buga da boko, da waƙar bege, da sautin tafsirin azumi. Hausar Zango, wadda masana ke kira Gananci, ta bambanta da ta Kano. Sanannen misali shi ne ba ta rarrabe jinsin namiji da na mace a nahawu. Harshe ne da ake magana da shi dare da rana amma ba a cika rubuta shi ba, don haka shafi ɗaya ma hujja ce.

Abin lura, rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, sun tsira a takarda. Adam Mischlich ya tafi da wasu Jamus, Stanisław Piłaszewicz ya buga su a 2000, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami’ar Legon kuma ta tattara wasu a shekarun 1960. Takarda ta jure shekara ɗari, fayil ɗin 1998 kuwa yana iya ƙarewa a juji irin na Agbogbloshie, wanda hukuma ta rushe a Yulin 2021.

Ko an ceto fayil, da sauran aiki. Kafin Unicode ta yaɗu, ana samar da ɓ da ɗ da ƙ ne ta zubin haruffa na musamman, kamar Rabi’at na Farfesa Abdalla Uba Adamu, inda mai lanƙwasa ke hawa gurbin wata alama. In babu zubin, sai kalma ta fito da baƙuwar alama a tsakiya. Mai gyara zai ɗauka fayil ya lalace. Wanda ya san Hausa kaɗai zai gane tsarin ya mayar da kowane harafi mazauninsa.

Sai dai faifan gida yana ɗauke da sirrin gida: bashi, rabon gado, rikicin aure. Iyalin mai kwamfutar ne za su fara dubawa, su ware abin da suka yarda manazarci ya gani, sauran kuma a mayar musu.