KUƊIN TSARO SU SAUKO UNGUWA

Ya ku 'yan'uwa talakawa, maza da mata, da ku 'yan kasuwar Kurmi da Kwari da Rimi da Wambai da Sabon Gari, yau maganar 'yan daba za mu yi, kuma ta fuskar kuɗi za mu ɗauko ta, domin nan ne mahukunta ba su son a taɓa.

Ba sai mun ɓata takarda wajen gaya muku halin da Kano ke ciki ba. Kowa ya san unguwar da ba ya iya ratsawa bayan isha'i. Kowa ya san yadda mutum kan tura wayarsa can ƙasan aljihu in zai shiga a-daidaita-sahu, don kada wani yaro mai ɗanbida ya raba shi da ita, ko ma ya raba shi da ransa. A yi hawan Salla, a tashi da sara. A yi ƙwallo tsakanin unguwa da unguwa, a tashi da sara. Ranar 1 ga Agusta 2024, da aka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, kun ga yadda aka fasa wurare aka kwashi kaya har sai da aka sa dokar hana fita. Da garin ya tsaya cik, wa ya kwana da yunwa? Mai tebur ne, da mai tura baro, da mai kayan gwari wanda tumatirinsa ya ruɓe a kwando.

To, ku lissafa sau nawa muke biyan kuɗin tsaron kanmu. Mun biya haraji. Mun yanki tikitin kasuwa. Sa'an nan mun yi karo-karo mun ɗauki mai gadin layi, mun haɗa kuɗi mun sa ƙofar ƙarfe a bakin lungu, ga kuɗin 'yan sintiri gida gida ko wane wata. In aka sari ɗanmu, mu ne za mu sayi jini da allura da zaren ɗinki. In ɗanmu ne ya yi saran, mu ne za mu sayar da akuya mu bi shi ofishin 'yan sanda da kotu. Wanda aka sara ɗan talaka, wanda ya yi sara ɗan talaka, mai biya talaka. 'Ya'yan manya kuwa suna bayan katanga, da ɗan sanda a ƙofa, wanda mu muke biyan albashinsa.

Dabara biyu kaɗai muka ga mahukunta sun iya. Ta farko kame. A cika mota da samari, a jera su a ƙasa gaban 'yan jarida da adduna da barandami da ƙullin wiwi, a ɗauki hoto, a wuce da su Kurmawa ko Goron Dutse. Ba mu ce a bar mai kisa ya yi yawo ba, Allah Ya kiyaye. Wanda ya zub da jini a yi masa shari'a. Amma kowa ya san gidan yari makaranta ce. Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Yaron da aka kama da kwalbar sholisho sai ya kwana wata da watanni ɗaki ɗaya da riƙaƙƙen ɗan fashi, ya fito ya fi da gwaninta. Kuma zamansa can ba kyauta ba ne. A 2024 aka mai da kuɗin abincin fursuna naira 1,125 a yini, watau fiye da naira 400,000 a shekara, abinci kawai. Ashe Gwamnati na da kuɗin ciyar da yaro bayan ya lalace. Kafin ya lalace ne ake cewa baitulmali babu ko kwabo.

Ta biyu kuwa bikin tuba. A 2023 'yan sandan Kano suka yi kira ga 'yan daba su ajiye makamai, fiye da 200 suka amsa, har aka ɗauki 50 daga cikinsu aikin taimakon 'yan sanda, aka yi ta cece-kuce. Mu ba mu ga laifin kiran ba, kuma yaron da ya ajiye wuƙa ya yi abin kirki. Abin da muke tambaya shi ne, washegarin biki fa? Wa zai bi shi gida ran Litinin ya ga ko ya fita nema? Wa zai tare shi ranar da abokan gaba suka sari ƙanensa, zuciya ta ce masa ya rama? Wa ke biyan mai yin wannan aiki, kuma daga wane asusu? In Kwamishina ya tashi aka kawo wani, sai shirin ya bi shi cikin akwati. Abin da ba a rubuta a kasafin kuɗi ba sadaka ce, mai sadaka kuwa ranar da ya ga dama yake bayarwa.

Kada wani ya ce mana babu kuɗin da za a kashe a kan 'yan daba. Ana kashewa, tun ba yau ba. Dattawan Kano ba su manta da 'Yan Mahaukata na shekarun 1950 ba, waɗanda aka riƙa sakarwa masu neman 'yancin talaka. A Gombe an yi 'yan Kalare, har ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta labarinsu a 2007, ta nuna yadda 'yan siyasa suka rene su. A Bauci an yi Sara-suka. Ko wace kakar zaɓe akwai motar da ke kwasar yaran nan, akwai mai ba su na ƙwaya, akwai mai zuwa belinsu kafin gari ya waye. Da an rantsar da mai girma sai a watsar da su, ga wuƙa a hannu, ga ƙwaya a kai, babu sana'a. Sai su juyo kan wa? Kanmu. Kura ta ci, an bar mu da wankin jini.

Sa'an nan ga abin da ake kira kuɗin tsaro, wanda Gwamnoni da wasu manya ke karɓa ba tare da an bi bahasinsa ba. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa irin waɗannan kuɗi a Nijeriya sun kai dala miliyan 670 a shekara, watau wajen naira biliyan 241 a canjin lokacin. Babu rasit, babu mai binciken lissafi. Mai sayar da goro in ya ba yaronsa huhu ɗaya, da yamma sai ya ƙirga. Amma biliyoyin da aka ce na tsaron rayukanmu ne, an ce tambaya a kansu rashin ladabi ne.

Wataƙila wani zai ce, to ko an ba da kuɗin, ɗan daba yana shiryuwa? An gwada a wata ƙasa ta baƙar fata 'yan'uwanmu, wadda ta fi mu shan wuya, kuma an rubuta sakamakon. A Manrobiya, babban birnin Laberiya, bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 2003, tituna sun cika da samari tsofaffin mayaƙa da 'yan sane da masu sayar da ƙwaya. Wata ƙungiya ta 'yan ƙasar, mai suna NEPI, ta haɗu da waɗansu malaman jami'a, cikinsu har da Christopher Blattman, suka tara 999 daga cikin waɗanda aka fi jin tsoro. Aka yi ƙuri'a aka kasa su huɗu. Waɗansu aka ba su horo na mako 8, waɗansu aka ba su dala 200 a hannu, waɗansu aka haɗa musu duka biyu, sauran ba a ba su kome ba, don a gane bambanci.

Horon nan ba wani abin mamaki ba ne. Zama ne na mutum wajen 20, sau uku a mako, kuma masu koyarwar su ma da can 'yan titi ne. Ana koya wa saurayi yadda zai danne fushi in an zage shi, yadda zai yi tunanin gobe kafin ya kashe na yau, ya yi aski, ya sa tufa mai tsabta, ya shiga banki ko kanti a karɓe shi kamar kowa. Waɗanda aka ba kuɗi tsura, kafin shekara ta zagayo sun koma gidan jiya. Waɗanda aka haɗa wa horo da jari kuwa, da aka koma aka neme su bayan shekara 10, sai aka tarar sata da ƙwacensu sun ragu da wajen rabi in an gwada da waɗanda ba a ba kome ba. Abin lura, yawancinsu ba su yi arziki ba, jarin ma bai daɗe ba, amma halin ya zauna. Duka-duka abin da aka kashe wa mutum ɗaya, horo da jari da ɗawainiya, dala 530 ne. Wannan darasi ne ga masu raba keken ɗinki da baro a filin wasa suna kiran 'yan jarida. Kaya ba tare da mai bin sawu ba, kasuwa suke komawa kafin la'asar, kuma ku 'yan kasuwa kun sha ganin ana kawo muku su.

Akwai kuma darasi na biyu, daga Amurka, a kan abin da kan faru in aka fara sa'an nan aka janye hannu. A birnin Shikago wani likita, Gary Slutkin, wanda ya yi aikin yaƙi da kwalara da tarin fuka a Somaliya, ya lura cewa kisa yana yaɗuwa kamar annoba, wannan ya jawo wancan. A shekarar 2000 ya fara ɗaukar tsofaffin 'yan daba da suka shiryu, ana biyansu albashi, aikinsu shi ne da an harbi wani su ruga asibiti da gidan su wanda aka harba, su tare ramuwa tun ba ta tashi ba. A 2015 Gwamnatin jihar ta tsai da kuɗin, aka sallami yawancin ma'aikatan. A shekarar nan an kashe mutum ƙasa da 500 a birnin, a 2016 kuwa fiye da 750. Ba mu ce wannan ne kaɗai sanadi ba, amma wanda ya cire jinka a tsakiyar damina ba shi da bakin zargin ruwa.

Mu a nan me muka rasa? Mutanen aikin muna da su. Babu mai unguwar da bai san yaran da ke kwana a kango ba. Babu limamin da bai san gidan da uba ya mutu ya bar samari biyar ba mai kwaɓa ba. A ko wace unguwa akwai wanda ya yi daba a ƙuruciya, yau yana da iyali da sana'a, wanda in ya ce wa yara su koma, za su koma, abin da motar 'yan sanda goma ba za ta iya ba. Ga maƙera, ga kafintoci, ga bakanikai, ga teloli, ga masu gyaran waya, waɗanda da za a ɗauke musu abincin yaro da kuɗin kayan aiki, da sun riƙe almajiran sana'a biyu ko uku har su ƙware. Duk waɗannan suna yin abin da za su iya don Allah, da aljihunsu. Amma mai iyali ba zai bar neman abinci ya yini yana sulhu kullum a kyauta ba. Aiki ne, a biya shi kamar yadda ake biyan malamin asibiti.

Kasafin kuɗin Jihar Kano na 2025 ya haura naira biliyan 700. Kashi ɗaya cikin ɗari na wannan, naira biliyan 7 ke nan. In aka raba wa mazaɓu 484 na jihar daidai wa daida, ko wace za ta sami fiye da naira miliyan 14 a shekara, balle ma ba sai an raba daidai ba, gama wutar ta fi ci a cikin birni da kewaye, nan ya kamata a fi zuba ruwa. Naira ɗaya cikin ɗari muke nema, daga kuɗinmu, don rayukan 'ya'yanmu. Ƙananan hukumomi 44 su ma ba su da mafaka, tun da ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Ku tambayi ciyaman ɗinku inda maganar ta kwana.

Mun san abin da za a ce. Za a ce wannan lada ne ga masu laifi, alhali ga yaran kirki ba su sami kome ba. Amsarmu ita ce yaron kirki shi ne ake sara a hanyar makaranta, kuma shi ne farkon wanda zai ci amfanin lafawar unguwa. Za a kuma ce kuɗin za a cinye. Lalle za a cinye, in aka bi da su ta hannun waɗanda suka saba ci. Don haka muke cewa a sa su a kasafi da sunansu, Majalisa ta yi musu doka yadda sabon Gwamna ba zai soke su da baki ba, a buɗe wa ko wace mazaɓa asusu, kwamitin da zai riƙe shi kuwa jama'a su zaɓa a fili, da wakilin 'yan kasuwa da na iyaye mata da na masu sana'a a ciki. Kada a sa ɗan takara ko shugaban jam'iyya ko ɗaya, ko da tamu ce, domin ranar da kuɗin nan suka zama na jam'iyya, an sake ɗaukar 'yan jagaliya ke nan da sabon suna. Ko wane wata uku a manna lissafi a ƙofar mai unguwa da allon kasuwa: nawa ya shigo, wa aka biya, yara nawa ke wurin sana'a, sara nawa aka yi a watannin nan.

Kafin a kai kasafin baɗi gaban Majalisa, ko wace ƙungiyar kasuwa da ko wane reshe ya rubuta takarda, a sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala, a kai wa ɗan Majalisar mazaɓa har gida, a karɓo amsarsa a rubuce. Wanda ya amsa za mu buga amsarsa a wannan shafi. Wanda ya ƙi, za mu buga sunansa da mazaɓarsa.